Zuwa ga Yaya Sani, a karanta wa Umma

Assalamu alaikum Yaya. Ya gida, ya Agege, ya ruwan sama? A gaishe min da Umma da kyau da kyau, ace mata ƙafar nan ta daina hawa bene da ita. Ni lafiya ƙalau, Houston zafi kamar Legas ne har da danshin, ba abin da ya dame ni sai ɗan ciwon baya na tsayuwa, shi ma ya yi sauƙi.

Na turo naira dubu 400 ranar Talata. Dubu 250 na haya ne, a kai wa mai gida hannu da hannu a karɓo rasit, dubu 60 maganin hawan jinin Umma, saura cefane. Auwalu ba shi da ko sisi a ciki, kuma dalilin da yasa ma na zauna rubutun nan kenan. Labari ya iso min wai yana yawo a unguwa yana cewa gwangwanin biskit ɗin marigayi Baba akwai miliyoyi a ciki, har ya ci bashi a wajen mai shayi da sunan za a sayar da katunan 'yan wasa da ke ciki. Laifina ne, ni na yi suɓul da baka a waya nace masa an taɓa sayar da katin wani ɗan wasa Mickey Mantle na 1952 dala miliyan 12.6 a 2022. Gaskiya ne an sayar, amma wannan kati maki 9.5 aka ba shi cikin 10, shekara 70 kamar ba a taɓa shi ba. Namu kuwa yaran bature sun gama wasa da su kafin a ba Baba lokacin yana tuƙi a Ikoyi, mu ma mun yi caca da su a ƙofar gida, ko ka manta?

Bari in faɗa maka aikin da nake yi a shagon katunan 'yan wasa ko ka fahimtar da shi. Mutum zai kawo kati, in sa shi ƙarƙashin fitila in ɗauko gilashin ƙara girma. Farko kusurwa huɗun nan, in ɗaya ta ɗan yi laushi ko ta yi fari kamar bakin tsohuwar naira to maki ya sauka. Sai gefe-gefe, sai in karkata katin hasken ya kwanta a fuskarsa, nan ake ganin ƙarzuwa da lanƙwasar da ido ba ya kamawa. Har hoton ma sai an auna da rula ko ya zauna tsakiya, kamfanin PSA masu ba kati maki, kafin su ba kati 10 suna so farin bakin hagu da na dama kar ya wuce wajen 55 da 45, kaga wannan tun daga injin buga shi ne, ba laifin mai kati ba amma shi zai yi asara. Mu ba ma ba da maki, hasashe muke yi, sai a tura wa kamfanin su rufe shi cikin roba mai tauri da lamba. Akwai mugaye masu aske gefen kati da reza don ya yi kaifi, shi yasa ake auna shi, inci biyu da rabi da inci uku da rabi ne, in ya gaza ko kaɗan ba zai samu maki ba. Mai shagon yanzu yace idona ya fi nasa, wallahi har kwastoma na cewa a kira ɗan Najeriyan nan ya duba. Watan jiya dai farcena ya danne kusurwar wani kati aka cire min a albashi, shi yasa kuɗin Sallah suka zo a makare, kar Umma ta ji wannan.

Abu ɗaya nake so ka duba min. Ina tuna akwai na ƙwallon kwando masu baki ja da fari da shuɗi. In an rubuta Fleer a jiki, na 1986 ne, ka nemo na Olajuwon, ɗan Legas ɗinmu, a katin Akeem aka rubuta babu H don sai 1991 ya gyara rubutun sunan. Lambarsa 82 a baya, na Michael Jordan 57, in da shi, kodayake jabunsa ya yi yawa kar ka sa rai. A garin nan da na ce daga Legas nake sai ace min garin Olajuwon, shi ya ciyo musu kofi a 1994 da 1995. Jan bakin katunan nan ba ya ɓoye aibi, ɗan ɓantarewa kaɗan sai fari ya fito, ni dai in namu ya samu 4 na gode Allah, kuma wannan ba kuɗin sayen Keke ba ne balle fili.

Dan Allah Yaya ka karɓe gwangwanin daga hannunsa yau ɗin nan. Kar a goge da ruwa, kar a sa dutsen guga, kar a ɗaure da robar kuɗi, kuma na ji yana cewa zai kai a yi musu laminatin, in aka yi haka an kashe su gaba ɗaya. A ɗauke daga ƙarƙashin gado, danshin damina zai sa su funfuna, a sa saman wadrob ɗin Umma. In za ka ɗaga ka riƙe ta gefe, ka shimfiɗa a farar takarda kusa da taga ka ɗauko min hoto gaba da baya ta WhatsApp.

Ni ko bai kai dala goma ba ina son na Akeem ɗin, Baba ne ya nuna min shi yace ga Bayarabe Musulmi yana wasa a Amurka. Ban samu jana'izarsa ba, shekara shida kenan ina cewa baɗi zan zo. Bashin mai shayi ka tambayo nawa ne zan biya wannan karon kawai, amma kar kuɗin su bi ta hannun Auwalu. Rasit ɗin haya ma ka haɗa a hoton. A gaida Gwaggo da yara.

Ƙaninka,
Bashir