Wasiƙa zuwa ga ɗana a Ingila, kan sigarin lantarki

Assalamu alaikum ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Babanku yana gaishe ka, ƙannenka ma haka.

Na saurari saƙon muryar da ka turo, cewa ka ajiye sigari ka koma wannan na lantarki da ake zuƙar tururi. Sai kwana-kwana kake yi kafin ka faɗa, ka ɗauka faɗa zan yi. Wadda ta yi aikin jinya a ɗakin masu ciwon ƙirji, ta riƙe wa dattijo kwano yana tarin jini cikin dare, ba za ta yi faɗa don ɗanta ya yar da sigari ba. Amma ina da magana.

Babbar masifar sigari daga ƙonewar ganyen take. Hayaƙin na ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki an tabbatar suna jawo ciwon daji. Ga kwalta mai liƙewa a huhu, ga iskar nan mai guba, irin wadda ke kashe mutane idan sun kwana da janareta a rufaffen ɗaki. Naka na yanzu ruwa yake ɗumamawa, ba ya ƙona ganye, don haka ka huta da waɗannan biyun. Cikin kwana ɗaya gubar iskar take barin jini, ba da jimawa ba kuma za ka ji ɗanɗanon miya ya dawo maka. Idan tari ya ƙaru a makonnin farko kada ka tsorata, huhu ne ke share kansa. Bushewar maƙogwaro kuwa aikin tururin ne, ka yawaita shan ruwa.

Na san za ka kawo mini zancen hukumar lafiyar Ingila, da ta ce a 2015 illarsa ta gaza ta sigari da kusan kashi 95 cikin 100. Masana da yawa sun ja da wannan adadi, ni ma ban riƙe shi kamar aya ba. Wani mai haɗa magunguna ɗan China, Hon Lik, shi ya ƙera irin wannan na'ura a 2003. Jiya-jiya ke nan. Sigari kuwa an daɗe ana busa ta, sai a 1950 likitoci suka fito da hujja mai ƙarfi cewa tana jawo ciwon dajin huhu. Kai da tsaranka ne za ku tsufa da tururin nan a ƙirji kafin a ga ƙarshen labarinsa. Tun yanzu ma an gano cewa idan siririyar wayar da ke ɗumama ruwan a ciki ta yi zafi sosai, burbushin ƙarfe da wasu sinadarai masu cutarwa suna bin tururin.

Abin da ya fi damuna shi ne inda ka ce kana ɗan taɓa kara ɗaya idan aiki ya matsa. Ɗana, wannan karan shi ke rushe komai. Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya nuna mai shan kara ɗaya a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya da ke kan mai shan ashirin. Ka san hawan jini a gidanmu yake, ka kuma ga yadda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da kakanka. In ka bari, ka bari gaba ɗaya. Kwalin da ke cikin mota ka jefar da shi yau, har da ashanar.

Sai nikotin, wanda yana nan daram a cikin ruwan, yana ɗaga bugun zuciya, yana kuma riƙe mutum. A wani gwaji da aka yi a wurinku Ingila aka wallafa a 2019, kashi 18 na waɗanda aka ba na'urar sun rabu da sigari har shekara guda, masu cingam da filastar nikotin kuwa kusan kashi 10. Ya taimaka, babu musu. Sai dai takwas cikin goma na waɗanda suka yi nasarar suna nan da na'urar a baki bayan shekarar. Sigari takan ƙare ka yar da guntun, wannan kuwa a aljihu yake har kan gado. Ka duba kwalbar, za ka ga lambar ƙarfin nikotin ɗin. Mafi ƙarfin da doka ta yarda da shi a wurinku 20 ne. Ka je wurin masu taimakon barin taba na asibitinku, kyauta ne, su tsara maka yadda za ka riƙa saukowa. Kai da kake kai dogon azumin Turai ba ka zuƙi komai ba, ka sa azumi mai zuwa ya zama iyaka.

Kada ka sayi ruwa a hannun wanda ya haɗa da kansa. Daga 2019 zuwa farkon 2020 a Amurka irin wannan haɗin, mai ɗauke da sinadarin wiwi da wani mai, ya kwantar da mutum sama da 2,800, 68 suka rasu.

Kishiyata kuma ta fara rarrafe, komai baki take kaiwa. Ruwan nan ƙamshin mangwaro yake yi, kuma guba ne ga yaro ko kaɗan ya haɗiya. A kulle shi a sama, kuma kada ka busa a ɗakin da take.

Ka turo mini hoton kwalbar in ga lambar da idona. Ka gaishe da maiɗakinka, ka ce yajin da ta tambaya yana hanya. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka