Habana da ƙafa ake ganinta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta shafinku na yawon buɗe ido a kan Habana, babban birnin Kyuba, kuma na ji daɗi. Sai dai cikin hotuna huɗu da kuka sa, uku na tsofaffin motocin Amurka ne masu ƙyalli. Ni da na yi shekara shida a can ina karatun likita, sai na ga kamar an tsayar da baƙo a zaure an ce masa ya ga gida.

Masu ƙyallin nan na baƙi ne, da dala ake hayarsu. Wadda ɗan gari ke shiga sunanta almendrón: ita ma ta shekarun 1950 ce, amma yawanci an dasa mata injin dizal, tana tafe tana hayaƙi, a cusa ku kamar tasin tasha. Laifi ɗaya direba ba ya yafewa, wato buga masa ƙofa da ƙarfi, don takunkumin Amurka ya sa gyara sai dabara.

Wanda ke son garin ya sauka ya taka. Ya bi titin Obispo har Plaza de Armas. A gefen dandalin akwai ɗan ginin da ake kira El Templete, gabansa kuma itacen rimi, rimi dai irin namu. Nan ake tunawa da kafa birnin a 1519, kuma duk zagayowar 16 ga Nuwamba mutane kan yi dogon layi su zagaya itacen sau uku suna faɗin buƙatunsu a zuci. Ni dai ɗan kallo ne, ina gefe ina cin gyaɗar da ake sayarwa a ƙunshin farar takarda mai tsini.

Yadda ake bin layi a garin ma abin kallo ne. Idan ka iso, sai ka ɗaga murya ka ce "el último?", wato wa ne na ƙarshe. Wani zai ɗaga hannu daga can gindin inuwa, shi ke nan ka san wanda kake bi, kowa ya nemi wurin zama. Ban taɓa ganin an yi dambe a kai ba. Akwai wata tsohuwa a unguwar da abokina yake, da ta ji kiran mai burodi sai ta zuro kwando da igiya daga bene na uku, kuɗi a ciki, ta janye burodinta tana yi masa tsiya wai burodin ya ƙanƙance.

Ƙarfe tara na dare za ka ji ƙarar igwa daga sansanin La Cabaña, wanda Sifaniyawa suka gina bayan Ingila ta ƙwace garin a 1762. A da alama ce ta rufe ƙofofin ganuwa. Ganuwar an fara rushe ta tun 1863, 'yan gutsattsari suka rage kusa da tashar jirgin ƙasa. Duk wucewata nan sai tamu ta Zariya ta faɗo mini a rai.

Abin da na so ku ambata shi ne aikin marigayi Eusebio Leal, masanin tarihin birnin, wanda ya rasu a 2020. UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 1982, shi kuma ya riƙa juya kuɗin otal-otal da gidajen abinci zuwa gyaran gine-gine, tare da asibitin unguwa da gidajen tsofaffi. A Plaza Vieja akwai makarantar firamare, yara na motsa jiki a tsakiyar dandalin, baƙi na shan kofi a gefe. Amma kada a ruɗi kowa: ka ƙara layi biyu ko uku, za ka ga benaye an tokare su da katako, mutane na kwana a ciki.

Ga Musulmi, akwai Masallacin Abdallah a titin Oficios, an buɗe shi a 2015. A kula da abinci, shinkafa da wakensu ma sau da yawa da man alade ake dafawa, sai an tambaya.

Idan za ku sake waiwayar Habana, don Allah ku nemo hoton Malecón bayan magariba, katangar bakin teku mai kusan kilomita 8, inda masu kamun kifi da samari da tsofaffi ke jeruwa suna shan iska, musamman daren da aka ɗauke wuta.

Naku,
Wani likita, daga Zariya