Makomar Gidajen Abincin Thailand a Ƙauyukan Ingila

Ya Edita,

Na karanta rahotonku kan gidajen abincin Thailand da ke ƙauyukan Ingila, sai dai bai taɓo batun ma'aikata ba.

Da yawa daga cikin gine-ginen nan tsofaffin mashaya ne da kasuwarsu ta mutu, masu girki daga Thailand suka zo suka raya su, har mutanen ƙauye suka sake samun wurin haɗuwa. Amma a Afrilun 2024 gwamnatin Birtaniya ta ɗaga albashin da ake buƙata don samun bizar ƙwararru zuwa fam 38,700 a shekara, kuɗin da ya fi ƙarfin ƙaramin gidan abinci.

Ina ganin ya kamata a sassauta wannan sharaɗi ga masu girki a karkara, kafin gine-ginen su koma kango.

Naku,
Wani mai karatu