Sanarwa: kallon wasan Super Eagles tare

Assalamu alaikum ƴan uwa. An tafi hutun wasannin ƙasashe, gasannin Turai sun tsaya, to lokacin irinmu ne ya zo. Kun san ni ba ni da kulob, ba ruwana da gardamar Madrid da Barcelona. Amma da zarar ƴan wasa sun jeru ana taken ƙasa, kowa hannu a ƙirji, ba na iya tashi daga wurin. Har yau ina jin daɗin ƙwallaye biyun da Ahmed Musa ya zura wa Iceland a gasar cin kofin duniya ta 2018. Ga kuma Maroko a kofin duniya na Katar a 2022, ta fitar da Sifaniya da Fotugal har ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Daren nan a Tudun Wada mai shayi ma barin tukunya ya yi kan wuta yana ihu.

Don haka za mu kalli wasan gobe tare a ƙofar gidan Yaya Sani nan Gusau, bayan Isha'i. Kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa na man janareta, mai tabarma ya zo da ita. Don Allah ban da zagin ƴan wasa, akwai dattawa da yara a wurin. Mai zuwa ya amsa a nan kafin Magariba.