Abin da ya kayar da Detroit Pistons a kakar 2023/24

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili in yi tsokaci kan ƙungiyar ƙwallon kwando ta Detroit Pistons da ke gasar NBA ta Amurka. A kakar 2023/24 ta ci wasa 14 kacal cikin 82, har ta sha kashi sau 28 a jere kafin ta doke Toronto Raptors da ci 129 da 127 a ranar 30 ga Disamba, 2023.

Ana yawan ɗora laifin kan ƙuruciyar 'yan wasa, amma a ganina haɗin ne bai yi ba. Tauraron ƙungiyar, Cade Cunningham, na buƙatar sarari domin ya kutsa gindin kwando. To idan ka sa shi tare da Jalen Duren, Ausar Thompson da Killian Hayes, waɗanda ba a tsoron jifansu na nesa mai maki uku, sai masu tsaro su bar su, su taru a tsakiya. Daga nan hanya ta toshe, ƙwallo ta riƙa suɓucewa, abokan hamayya su kwasa da gudu su zuba maki cikin sauƙi. Koci Monty Williams kuma ya daɗe yana ajiye matashin ɗan wasa Jaden Ivey a benci, abin da har yau nake mamakinsa.

Da aka sallami Williams aka ɗauko J.B. Bickerstaff, aka kawo gwanayen jifa irin su Malik Beasley, Tim Hardaway Jr. da Tobias Harris, yawancin matasan nan dai suka ci wasa 44 a kakar 2024/25.

Wassalam,
Mai karatunku daga Kano