Zuwa ga ɗana, kan Symbol 1 da ƙannensa

Assalamu alaikum ɗana, ya karatu ya sanyi? Ummanku tana gaishe ka.

Na buɗe fayil ɗin da ka turo na darasin ƙirga da kake haɗa wa yara a Adobe Animate, manhajar zane mai motsi, zanen ya yi kyau wallahi, amma ina leƙa laburaren, inda manhajar ke tara simbol, wato zanen da ake maimaita amfani da shi, sai ga Symbol 1, Symbol 2, Symbol 2 copy har ƙasa, leya, wato shimfiɗun zanen, ma duk Layer kaza Layer kaza. Haba kai kuwa. Wannan ba suna ba ne, manhajar ce ta liƙa don ka bar wurin fayau. Jariri ma ba ya wuce kwana bakwai ba a raɗa masa suna ba, kai naka raɗa shi nan take kana ƙirƙirar abin.

Abin da nake so ka gane da kyau, sunaye biyu ne. Akwai na simbol ɗin a laburare, akwai kuma na kowane kwafi da ka jawo kan filin aiki, wanda ake rubutawa a akwatin Instance Name. Maɓalli ɗaya za ka iya jawo shi wuri goma, to kod, wato umarnin da kake rubuta wa manhajar, ba ruwansa da sunan laburare idan zai taɓa na kan fili, sunan kwafin yake kira, in babu ko ka rubuta shi daban sai ka danna ka ji shiru kai ta zargin kwamfuta alhali baiwar Allah ba ta da laifi. Kar ka sa fili a tsakiyar suna, kar ka fara da lamba, kuma gaba_btn da Gaba_btn abu biyu ne a wurin ActionScript 3 da JavaScript, harsunan da ake rubuta kod ɗin da su. Wutsiyar nan ta _btn (maɓalli) da _mc (zane mai motsi) da _txt (rubutu) tun zamanin Macromedia Flash muke sa ta, kafin Adobe ya sayi kamfanin a 2005, lokacin in ka sa ta manhajar da kanta take kawo maka jerin umarnin da ya dace da abin. Yanzu Flash Player, mai kunna aikin Flash a intanet, ya mutu tun ƙarshen 2020 amma ni dai har gobe ina son wutsiyar, kallo ɗaya ka san maɓalli ne ko rubutu.

Sannan suna ya bi aikin abu ba kamanninsa ba. Ka ce jan_maballi, gobe mai aikin ya ce a mayar da shi kore, shi ke nan sunan ya zama ƙarya. Ce masa koma_btn ka huta.

Hausa kam rubuta sunayenka da ita ba laifi, sai dai ƙ da ɗ da ɓ ka bar su a rubutun da yara za su gani, a suna sa k, d, b zalla. Fayilolin sauti kuma ƙananan baƙaƙe kawai, don Windows ba ta bambanta Sauti.mp3 da sauti.mp3 amma sabar Linux tana bambantawa, a gida ya yi aiki a intanet ya ƙi.

In za ka gyara yanzu ka ajiye kwafi tukuna, kuma ka sani canza sunan kwafi ba ya canza wanda ke cikin kod, sai ka bi da kanka. Ka sake turo min in ka gama. Kuɗin data na ba yayarka ta tura maka.

Babanka