Zuwa ga Sagir, kan maganar daina cin sitaci

Assalamu alaikum mutumina,

Da fatan kana lafiya, ya aiki ya iyali, ya kuma jikin Hajiya, Allah ya ƙara mata sauƙi. Na ga saƙonka tun shekaranjiya amma ban so in amsa maka da layi biyu a tsaitsaye ba, shi yasa na bari sai yau da daddare da yara suka yi barci gidan ya yi tsit.

Ka ce yau kwana 12 kenan da ka yanke shinkafa da burodi da taliya da dankali da duk wani abu mai sukari, kuma sikeli ya nuna maka kilo 4 sun tafi. Wallahi na yi maka murna, don ban manta ranar da ka ce min ɗaura igiyar takalmi ma sai ka riƙe numfashi ba, na san tumbin nan ya daɗe yana ci maka tuwo a ƙwarya. Toh amma ka tambaye ni tsakani da Allah ko abin nan yana aiki kuma ko zai ɗore, kuma ni na bi hanyar nan kafin kai, dan haka bari in faɗa maka abin da na sani ba rufa-rufa. Aiki kam yana yi. Ɗorewar ce ake jin jiki a kanta.

Kilo 4 ɗin nan naka, ka yi haƙuri, ba duka ne kitse ba. Jikin mutum yana ajiye sukari a hanta da cikin tsoka, shi ne likitoci ke ce wa gilaikojin, a babban mutum yakan kai giram 400 zuwa 500, kuma kowane giram ɗaya yana riƙe da ruwa kusan giram 3. Da ka daina cin sitaci sai jiki ya buɗe wannan rumbun ya cinye, ruwan da ke tare da shi ya fita ta fitsari, ga kuma insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, ya sauka sai ƙoda ta riƙa sakin gishiri da ruwa, shi yasa na tabbata satin farko ka yi ta zaryar banɗaki. Kaga kusan kilo 2 nan ruwa ne zalla, kuma duk ranar da ka ci faranti ɗaya na shinkafa zai fara dawowa. Ina faɗa maka ne dan kar ranka ya ɓaci idan ka shiga sati na uku ka ga sikeli ya tsaya cak ko yana tafiyar hawainiya, a lokacin ma ainihin kitsen ne yake narkewa a hankali.

Ni kusan shekara huɗu da suka wuce na yi nawa, mai tsananin ma, wanda ake ce wa keto, inda ba ka wuce giram 50 na kabohaidiret, wato sitaci da sukari, a yini. Satin farko na ji jiki, ciwon kai, kasala, da daddare tsokar ƙafata ta riƙa murɗewa har sai na tashi zaune ina matsa ta, bayan gida ya yi tauri, bakina kuma ya ɗauki wani irin wari da ni ban ma ji ba sai da maman yara ta gaya min cikin hikima. Bayan nan sai abu ya sauya, yunwa ta kwanta. Wannan shi ne abin da ba zan taɓa musawa tsarin nan ba, in na ci ƙwai da ganye da safe sai in kai la'asar ban tuna da abinci ba, ni da a da ƙarfe 11 na safe hannuna har rawa yake in ban sa wani abu a baki ba. Furotin da mai suna riƙe ciki, kuma in ka cire lemon kwalba da biskit da kek da su cincin ɗin kanti ai ka cire kusan duk abin da mutum ke ci ba don yunwa ba. Cikin wata 7 na sauke kilo 11.

Abin da ya karya ni ba kwaɗayi ba ne kamar yadda mutane ke zato. Wata rana da daddare an zuba abinci kowa ya zauna, ni ina gefe da ɗan kwanona na kifi da kabeji kamar kullum, sai ƙaramar 'yata, lokacin tana shekara 5, ta ɗebo cokali ɗaya daga nata ta miƙo min ta ce Baba kai ba ka son abincinmu ne? Na karɓa na ci. Ba cokalin nan ne ya dawo min da ƙiba ba, amma ranar na gane wata bakwai kenan ana dafa tukunya biyu a gidana saboda ni kaɗai, in an gayyace ni waje sai na yi ta tsince-tsince a faranti ana kallona, in na yi tafiya kuma abin ya zama wahala. A hankali na saki, kuma da yake ban koyi cin sitaci daidai gwargwado ba, abin da na iya kawai shi ne ko duka ko babu, sai na koma gidan jiya. Cikin shekara ɗaya kilo 7 suka dawo.

Daga baya na zauna na yi ta karance-karance don in gane ko ni ne na gaza. Ashe abin ma ba sabo ba ne, tun 1863 wani mutumin Landan mai suna William Banting ya buga ɗan littafi kan yadda ya rage ƙiba da barin burodi da sukari da dankali, likitan nan Robert Atkins na Amurka ya sake tado shi a 1972, shi kuwa keto asalinsa ma a 1921 aka tsara shi don masu farfaɗiya ba don masu teɓa ba. Amma binciken da ya fi tsaya min a rai shi ne na jami'ar Stanford da ya fito a 2018. Mutum 609 suka raba gida biyu, rabi suka rage sitaci rabi suka rage mai, aka bi su wata 12. Masu rage sitaci sun sauke kusan kilo 6, masu rage mai kilo 5 da ɗan ɗoriya, bambancin bai taka kara ya karya ba. Kuma a kowane ɓangare akwai wanda ya zubar da kilo sama da 20 akwai wanda ma ƙaruwa ya yi, abinci iri ɗaya fa aka ce su bi. Duka ɓangarorin an ce musu su rage sukari da farin fulawa su yawaita ganye su riƙa girki a gida, ni a ganina nan maganar take. A 2022 ma ƙungiyar Cochrane, mai tantance binciken lafiya, ta tattara gwaje-gwaje 61 ta duba, ta ce har zuwa shekara biyu bambancin da ke tsakanin rage sitaci da sauran tsarin rage cin abinci kaɗan ne ko ma babu. Wato dai in mutum ya rame to abin da yake ci ne ya yi ƙasa da abin da jikinsa ke ƙonawa, rage sitaci dabara ce da ke sauƙaƙa wa wasu hakan saboda tana kashe yunwa, wasu kuma ba ta yi musu.

Yanzu ga abin da ya sa na kasa barin saƙonka ya kwana uku. Kana shan maganin suga, Sagir. Ban ga inda ka ce ka gaya wa likitanka ba. Gaskiya ne rage sitaci yana taimaka wa masu ciwon suga sosai, ƙungiyar masu kula da ciwon suga ta Amurka ma ta amince da hakan a 2019, amma dai saboda yana aikin ne yake da haɗari, don an auna maka magani ne bisa yadda kake ci a da. In kana allurar insulin ko irin ƙwayoyin nan da ke tilasta wa jiki fitar da insulin, sannan ka yanke sitaci lokaci guda, suga na iya faɗuwa warwas, gumi, rawar jiki, jiri, wani har suma, ka yi tunanin hakan ta same ka kana tuƙi. Akwai kuma wani rukunin maganin da ke fitar da suga ta fitsari, shi in aka haɗa shi da keto yana iya sa jini ya yi tsami har a kwantar da mutum asibiti ko da na'urar awo ba ta nuna sugan ya hau ba. Maganin hawan jini ma wani lokaci sai an rage shi. Dan Allah dan Annabi kar ka rage ko ka ƙara da kanka, ka je a duba, ka nemi a auna maka kolestarol, wato maiƙon da ke cikin jini, da ƙoda yanzu sannan a sake bayan wata uku, don akwai mutanen da mugun kolestarol ɗinsu ke tashi sosai in suka dage da man shanu da kitsen nama. Nawa ya ɗan hau a lokacin, sai da na koma kifi da gyaɗa da man zaitun ya sauka.

Abin da nake yi yanzu ba shi da wani suna. Lemon kwalba da sukari a shayi na bar su gaba ɗaya kuma ban yi kewarsu ba, shinkafa ina ci amma kamar cikin tafin hannuna, rabin farantin ganye ne, wake ya dawo, 'ya'yan itace sun dawo, ina taka ƙafa minti 30 bayan cin dare. Tukunya ɗaya ake ɗorawa a gidan. Kilo 5 daga cikin bakwan nan sun sake tafiya, a hankali ƙwarai, sai da na kusa shekara, amma yau wata 14 ba su dawo ba kuma ba na jin ina cikin wani takunkumi.

Ban ce ka tsaya ba fa, in jikinka ya karɓa kuma likita ya sa ido to bismillah ka ci gaba, na san wanda ya shekara biyar a kai yana lafiya lau. Kawai tun yanzu ku zauna da madam ku yi shawarar yadda za a yi girki bayan wata shida, da abin da za ka mayar cikin farantinka in ka kai inda kake so, da kuma nawa. Ka riƙa auna ƙugunka da tef duk sati biyu, ya fi sikeli faɗin gaskiya.

Ka turo min sunan magungunan da kake sha da abin da likitan ya ce in ka je, ina jira, in na ji shiru zuwa ƙarshen sati zan kira ka. Ka gaida Hajiya da kyau da kyau, ka gaida madam da yara.

Naka har kullum,
Nura